Da Shi Na Zo, Da Shi Zan Koma

Ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa ta faɗa rukunin ƙasa, kuma shugabanni ne suka jefa ta, ba 'yan wasa ba. Ni mai faci ne a bakin filin wasa. Ban yi boko mai nisa ba, amma ina da ido. Yau direban motar ƙungiyar nake so ku sani, wanda kowa ke kira Baba Direba.

Kullum shi ne farkon zuwa. Ya duba ruwa da mai, ya daki tayoyi da ƙafa, ya leƙo rumfata ya ce, "Mai faci, iskar nan taka ta fi 'yan bayanmu rauni." Sannan ya bi gida-gida ya kwaso 'yan wasa, ya ƙare da gidan koci.

Shugabanninmu ba sa korar koci ido da ido. Waya suke buga wa direba: "Gobe kada ka biya ta gidansa." Nufinsu mutum ya shirya da usur a wuya, ya ga mota ta wuce. Baba bai taɓa yi musu wannan aikin ba. Tsayawa yake yi ya yi sallama, ya zauna, ya faɗa wa mutum da bakinsa. Wani da aka kora ya ce min, "Duk ƙungiyar nan shi kaɗai ya kalli idona."

Ranar wasan ƙarshe, ana zura mana ƙwallo ta biyu shugaba ya sulale ta ƙofar baya. Magoya baya suka tare babbar ƙofa da duwatsu, koci suke nema. Shugaba ya bugo daga motarsa: "Kwashi 'yan wasa, ka bar min wancan ya ji a jikinsa." Kyaftin yana wurin, ya ji amsar Baba: "Ranka ya daɗe, da shi na zo, da shi zan koma."

Ya kwantar da koci tsakanin kujeru, ya rufe shi da jakunkunan riguna. A bakin ƙofa ya sauke gilashi yana cewa, "'Ya'yana, ku yi haƙuri, ku ba ni hanya." Dutse ya same shi a fuska. A gabana aka yi. Bai saki sitiyari ba, jini na zuba, sai da ya fitar da kowa.

Baba, kai ne namijin ƙungiyar nan. Kai ka ɗauki nauyin da masu manyan kujeru suka yar suka gudu. Mun gode, Allah Ya saka maka. Ku kuma masu shugabanci, in za ku kori mutum, ku tsaya gabansa kamar yadda direbanku yake yi.

Koci ya samu wata ƙungiya. Shugaba yana nan kan kujerarsa. Baba yana gida, likita ya cire idon hagu, kuma ya ce shi da tuƙi har abada.