Takardar da Ke Cikin Takalmi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 18 ga Nuwamba, 2008, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Mas'udu Dogara a wani asibiti a nan Guangzhou, bayan jinyar kwana tara. Washegari muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmi ta garin nan.

Malam Mas'udu, ni ne Babayo, wanda ka mayar Alhaji Meyo. Ni ya kamata in rubuta wannan, domin babu wanda alƙalaminka ya yaga kamar ni, kuma babu wanda ya amfana da yagar kamar ni.

Kafin ka shigo fataucin fitilun caji, malamin tarihi ne kai a wata sakandare a Gusau. A jami'a kuwa, bincikenka a kan waƙoƙin titi ne na Ingila, na shekara ɗari huɗu da suka wuce. Mun sha yi maka dariya a kan haka. Mutum ya bar mawaƙan gida cike da gari, ya tafi tonon waƙar Turawan da ƙashinsu ma ya ruɓe! Ba ka taɓa jin haushi ba. Sai ka gyara zama ka bayyana mana yadda abin yake: takarda ɗaya ce tak, a buga ta a fuska ɗaya, a sayar kwabo guda. Mai talla ya tsaya a kasuwa ya rera, jama'a su saya su manna a bango. Ba a ƙirƙiro sabon kari, sai dai a rubuta a sama cewa a rera ta da karin waƙa kaza da kowa ya sani, don wanda bai iya karatu ba ya ji sau biyu ya riƙe. Sau da yawa marubucin ba ya sa sunansa. Kakan ce, "Alhaji, talakan London ba shi da kujera a majalisa, amma yana da maƙogwaro." Na ɗauka hira ce kawai ta tsohon malami.

Sai ga wasannin Olympics na Beijing sun matso, bizar zama a China ta yi wuya. Mutanenmu da yawa dole suka tattara cikin 'yan kwanaki, kayansu ko haɗuwa bai gama yi ba. Lokacin ni ne shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar Najeriya, makullin siton ƙungiya yana aljihuna. Tankari, wani dattijon ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya zo a madadin mutanensu goma sha shida. Roƙonsa shi ne mu ajiye musu kayansu, mu bi kwantenarsu har tashar jiragen ruwa ta Nansha bayan sun tafi, in ba haka ba jarin shekarunsu ya salwanta. Sau uku yana zuwa, sau uku ina buɗa hannu ina ce masa "meyo", kalmar da masu shagunan China ke jefo mana idan suna nufin babu. Na fake da cewa dokar ƙungiya ba ta san ɗan Nijar ba. Gaskiyar kuwa fili na nan a sito. Tsoro ne ya ci ni, ba na son sunana ya hau takardun wani.

Ranar Juma'a, an idar da salla a Masallacin Huaisheng, na zura ƙafa a takalmina sai na ji takarda. Na ɗaga kai, duk inda Bahaushe yake yana tsugune yana zaro irinta. A samanta an rubuta: a rera da karin waƙar lallashin jariri da iyayenmu mata ke yi. Ga farkonta:

Tankari ya zo da kaya, Alhaji ya ce meyo,
Ga sito ga fili, ga makulli, ya ce meyo,
A sahu kafaɗa ɗaya, a ƙofar sito meyo.

Ka zaɓi karin da uwar Bakano da uwar Bamaraɗe duk suka yi goyo da shi. Kafin mu fita titin Guangta an fara rerawa ƙasa-ƙasa. Zuwa Asabar, har lawban, wato mai shago ɗan China da nake sayen kaya a wurinsa, yana dariya, don ya ji kalmarsu a bakin Hausawa ana yi mata amshi.

Kowa na tambayar wanda ya yi. Ni ban tambaya ba, layin nan na sama ya gaya mini. Na same ka a shago ina huci. Ba ka amsa ba, ba ka musa ba. Ka miƙo mini shayi ka ce, "Alhaji, na ji an ce waƙar baiti huɗu ce, na biyar bai fito ba. Mai makulli ne zai rubuta shi."

Na yi fushi da kai ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma ranar Lahadi na buɗe sito. Kayan mutum goma sha shida suka isa Maraɗi, ko kwali ɗaya bai ɓata ba. Juma'ar da ta biyo bayan buɗe siton na sake jin takarda a takalmi, da baiti na biyar: Alhaji ya juya makulli, yau meyo ta koma akwai. Sunan dai ya riga ya zauna, har matata takan kira ni da shi in ta so tsokana.

Ba ka taɓa bari a san kai ne ba. Jama'a sun ɗauka kasala ce ke sa ka makara ka tsaya a sahun ƙarshe kusa da takalma. Yau na faɗa wa duniya, da izinin iyalinka, don ina alfahari da cewa a cikinmu aka sami mutumin da ya gyara shugaba bai zage shi ba, ya ceci jarin mutane bai jira godiya ba. Tankari ya dawo baje-kolin Pazhou da ake yi a garin nan, rasuwarka ta riske shi a nan. Bai san kai ne ba sai da na gaya masa a bakin kabari. Ya cire hularsa ya miƙo mini, ya ce shi zai shiga kabarin ya karɓe ka. Mutanensa ne kuma suka kai kayanka Nansha, suna kan hanyarsu zuwa Gusau.

Juma'ar da ta wuce na fito daga masallaci, na zura ƙafa a hankali ina laluben takarda, kamar yadda nake yi tun daga ranar. Meyo. A nan na zauna a kan dakali na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Allah Ya jiƙanka, Malam Mas'udu. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya buɗe maka ƙofar rahama kamar yadda ka sa aka buɗe wa bayinSa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Malama Radiyya, da 'ya'yanka Saffana da Huzaifa, da dukan jama'armu ta Najeriya da Nijar a garin nan. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.