Tashoshin Gaisuwa Uku Kafin Kasuwa

Babu abin da ya raba ɗan Adam da dabba kamar gaisuwa. Shekara talatin ina faɗa wa ɗalibai haka, kuma da na yi ritaya sai na shiga aikatawa da ƙwazon da ya ba mutanen unguwarmu ta Bukan Sidi mamaki.

Gaskiyar magana kuwa, ƙafata ce ta hagu. In na kama hanyar kasuwa, kafin in yi nisa sai sharaɓar ta ɗaure kamar an damƙe ta da filaya. In na tsaya minti biyu ta saki, in na ci gaba ta dawo. To, tsohon hedimasta ba ya tsayawa haka kawai a bakin titi kamar wanda ya manta hanyar gidansu. Sai na nemi dalili, na samu uku: wani tela, wani mai faci, da wata mai sayar da doya.

Telan ya fi shan wahala, don shi ne tashar farko. Nakan tambaye shi iyali, in tambayi keken ɗinki, in tambayi damina a ƙauyensu, ina sauraron ƙafata, ba amsarsa ba.

"Malam, jiya ma ka tambaya fa," in ji shi. "Yara suna nan lafiya."

"Jiya daban, yau daban," na ce, don sharaɓar ba ta gama saki ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne turakun lantarki. Da, sai na wuce takwas kafin ciwon ya zo. Ya koma bakwai, ya koma biyar. Na zargi takalmi, na canza. Na zargi sanyi, na shafa man zafi har gidan ya koma warin kemis. In na zauna karatu sai in ga hannuna yana lalubar tafin ƙafar, mai sanyi kamar ba nawa ba. In tashi, in kunna taba, in zagaya tsakar gida, in sake zama.

Wata Asabar matata ta ce za ta raka ni kasuwa. Muka isa shagon tela, a kulle: ya tafi jana'iza ƙauye. Ƙafar ba ta san da wannan ba. Na tsaya, na ɗaga kai ina nazarin allon shagon kamar takardar jarrabawa.

"Malam, ƙofar kake gaisarwa?"

"Rubutun nake dubawa."

Ta dube ni, ta dubi ƙafar da na ɗan ɗage. "Yayanka ma haka ya fara son mutane."

Yayana manomi ne a Shabu. A shekarunsa na ƙarshe ba ya wuce kowa a hanyar gona sai ya tsaya hira, muna ta yabon halinsa. Wata safiya ya dafe ƙirji, ya zauna a kan kunyar gona, bai sake tashi ba.

Matata ta tsayar da okada.

A asibiti likita ta sa na cire takalmi, ta daɗe tana neman bugun jini a bayan ƙafata, fiye da yadda na so.

"Baba, taba fa? Kara nawa a rana?"

"Biyar."

"Goma," in ji matata.

Likita ta ce hanyoyin jinin ƙafar ne suka ƙuntata, kuma abin da ya ƙuntata su ba ya barin na zuciya. Ƙafar ce dai ta fara magana. Ta auna hawan jini da suga, ta rubuta magani, ta hana taba. Sannan ta ce in riƙa tafiya kullum: in ciwon ya zo in huta, in ya saki in ci gaba. Wato abin da na yi shekara biyu ina yi a ɓoye, yanzu da izinin hukuma.

Na bar taba, da ƙyar, da faɗa. Yanzu nakan kai turaku tara, wata rana shida, kuma ranar shida ba na iya karanta ko shafi ɗaya. Har yanzu ina tsayawa wurin tela.

Makon jiya ya zo gida da kansa. 'Yarsa za ta yi aure, yana so in yi jawabi a madadin abokan uba, don a duk garin Lafia babu wanda ya damu da iyalinsa kamar ni. Na amsa. Na ma rubuta sakin layi na farko, kan darajar gaisuwa.

Ban san sunansa ba.