Jerena da Ƙafar Yayana

Yayana direban tsere ne, a shekarun sittin ɗin nan da mu a Nakkasa, unguwar baƙi ta kan dutse a Makka, ko jaki ba mu da shi. Duk Alhamis bayan la'asar 'ya'yan attajirai kan fita wani fili a hanyar Jidda da manyan motocin gidajensu, a cire kujerun baya, a sa kuɗi. Su ba sa tuƙi, ina! Ransu da tsada. Yaya ke tuƙa wa ɗayansu. Da yake ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, in ya ci sai ya sulale ta ɗaya ƙofar kafin ƙura ta lafa, ɗan gidan ya zauna a mazauninsa ana yi masa tafi.

Samunsa ba tsayayye ba ne. Wata Alhamis ya hawo dutsenmu da cinyar rago, wata da agogo, wata kuwa ba komai sai warin fetur. Inna takan ce kuɗin caca ne, amma ba ta taɓa mayar da naman ba. Ni ma ban taɓa ba, kada in ɗora mata ita kaɗai.

Da aka sa ranar aurena, wani Bakano mai lori ya yi masa tayin jigilar ruwa, albashi kaɗan amma ba mai wasa da rai. Yaya yana so, kowa ya gani. Sai dai mahaifinmu ya rasu, kayan ɗakina a wuyansa suke, kuma matan unguwarmu in sun shigo ganin jere da ido suke yanka amarya. Ina wanke-wanke ya tsuguna kusa da ni.

"Auta, in na bari yanzu, jerenki zai cika?"

Na san abin da yake tambaya, wallahi na sani. Amma na ce saura tasoshi da gado.

Bai daɗe da komawa tseren ba taya ta fashe masa, motar ta kife. Marar takarda ba a kai shi asibiti, don haka 'ya'yan attajiran suka ajiye shi a gindin dutse suka tafi. A kan ƙyauren ɗaki maƙwabta suka hawo da shi. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ƙafar dama ta kama a karkace, ba ta ƙara taka totur ba. Ɗan abin da mai motar ya aiko na sannu, Yaya ya hana a taɓa, ya sa Inna ta sayo tasoshin.

Ranar kai ni na je yi masa sallama, yana kwance a tabarma. Ya tambaye ni ko jeren ya cika, na ce ya cika. Ya yi hamdala yana dariya, murnar gaske, ba ta ganin ido ba. Da zagina ya yi, da tuni na huta.