Audugar Inna Kande

Har gobe ranar Larabar nan ba ta fita a raina ba, ranar da Inna Kande ta buɗe adakarta a gabana. Ku 'yan sa-kai da kuka shigo bana ba ku san ta ba, shi ya sa na ga gara ku ji labarin daga bakina kafin a raba muku unguwanni.

A lokacin ni ce shugabar ɓangaren mata a wannan ƙungiya tamu ta taimakon al'umma. Na yi ritaya daga koyarwa a firamare, na kuwa zo da halin malaman makaranta kaf: komai sai an yi layi, komai sai da takarda. Tsarin aikinmu kamar na yanzu ne. Da kaka mu bi gidaje da gonaki a ƙasar Gwarzo da Kabo, wani ya ba da dami, wata ta ba da mudu. Idan an gama sai a sa ranar asusu, a gayyato 'yan asalin gari da ke Kano da Abuja, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Da abin da aka samu ake sayen magani da hatsi da bandir-bandir na alawayyo, wato farin yadin da ake yi wa mamaci likkafani, saboda waɗanda suka rasu ba su da mai yi musu sutura. Ba abin da ke fita daga sito sai sakatare da shugaba sun sa hannu, ba kuma abin da ake saya sai kwamiti ya zauna a ƙarshen wata.

Shekarar da nake ba ku labari, damina ta zo da zazzaɓi mai zafi. Kafin tsakiyar Agusta alawayyonmu ya ƙare ƙarƙaf.

Ran nan da hantsi aka kira ni daga wani ƙauye a bayan Sabon Birni. Wata baiwar Allah ce mai taɓin hankali, ba wanda ya san sunanta balle garinsu, ta yi makonni tana kwana a zauren wata tsohuwa, aka wayi gari ta cika. Mai unguwa ya sanar da hukuma, an ba da izinin a binne ta. Na hau babur na tafi hannu rabbana, ina tunanin in na isa a tura wani kasuwa ya sayo yadi. Ina tsallake rafi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin in ajiye jakata rafin ya cika ya tumbatsa, ba shiga ba fita. Maza sun gama haƙa kabari suna ta kwashe ruwa a ciki, mu kuma mun yi wa gawa wanka, ba abin da za mu sa ta.

Tsohuwar mai zauren ita ce Inna Kande. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa duk sun riga ta, maƙwabta ne ke aiko mata da tuwo. Ta dube ni, ta dubi gawar, ta ce, "Malama Talatu, zo ki kama min murfin nan."

Daga ƙasan adakar ta fito da wani ƙunshi. Da ta kwance shi ƙamshin kanumfari ya cika ɗakin. Farin zane ne saƙar hannu, an haɗa siraran ƙyallayen saƙar da ɗinki mai kyau, an ninke shi tsaf.

Ta ce, "Nawa ne. Audugar gonar mijina Malam ce, ta shekarar ƙarshe da ya noma. Ni na kaɗa zaren da hannuna, masaƙin da ya saƙa min shi ma ya tafi."

Na ce, "Haba Inna! Wannan ai ba na bayarwa ba ne. Bari mu jira ruwa ya janye."

Ta ce, "Ni da ke muna iya jira. Ita fa? A zaurena ta mutu, baƙuwata ce."

A cikin wannan zane aka kai baiwar Allah makwancinta kafin azahar. Da zan tafi na durƙusa na yi wa Inna alƙawari da bakina cewa ƙungiya za ta mayar mata da likkafaninta. Ta girgiza kai.

"Ba na son na kanti, 'yar nan. Auduga za ki kawo min, ko cikin ƙwarya biyu. Mazarina yana nan. In na kaɗa, akwai wani tsoho a Kara da har yanzu yake saƙa. Amma ki hanzarta, idon nan kullum ƙara rufewa yake."

Na ce in sha Allahu. A zuciyata kuwa cewa na yi, wa yake kaɗi a wannan zamani?

Ƙarshen wata na kai magana gaban kwamiti. Na ba da labarin har wasu suka share hawaye. Daga nan ne na kawo shawarar da har yau nake jin kunyarta, kuma ba wanda ya sa ni, daga kaina ta fito. Na ce matar da ta yi wannan abu ta wuce a kai mata auduga a leda. A bari sai ranar asusu, a ɗauko ta a mota, a zaunar da ita a kujerar gaba, a miƙa mata bandir guda na alawayyo mafi tsada a gaban manyan baƙi. Shugabanmu na lokacin, Alhaji Sani, ya ce, "Malama, kin kawo magana. Wannan labari kaɗai zai buɗe aljihun mutanen Abuja." Sakatare ya rubuta, aka yi fatiha aka tashi. Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta yi abin kirki.

Sau biyu na koma ƙauyen bayan haka. Na farko mun je rabon gidan sauro ga masu juna biyu. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Malama Talatu, ina saƙona?" Na ce, "Yana tafe, Inna, wanda ya fi shi ma." Ta ce, "Ni dai auduga na ce." Na yi dariya na ce tsufa ya sa ta rigima, ita ma ta yi dariya ta ce ai gara rigimarta da ta malaman boko.

Na biyu ana yankan gero. Wannan karon ba ta gane ni ba sai da na yi magana. Ta shafa jakata da hannu, ta ji ba laushi a ciki, ta janye hannun. Ba ta tambaye ni komai ba. Sai ta ce, "Allah ya yi albarka, ki gai da yaran." Na lura, kada ku ce ban lura ba. Amma na ce a raina saura makonni kaɗan, ranar asusu za ta ga gata. Ga shi kuwa duk ranar kasuwa ina wuce rumfar masu katifa, auduga jibge a buhuna, kuɗin abin da ta roƙa bai kai na cefanen yini ɗaya ba.

Saura kwana tara a yi asusu, an riga an buga katin gayyata da sunanta a jiki, aka kira ni da safe aka ce Inna Kande ta rasu.

A lokacin an sami mai taimako ya kawo sabon alawayyo sito. Na cika takarda kamar yadda na saba, aka sa hannu, mai sito ya auna ya yanka min. A gurbin da aka ce a rubuta dalili, na rubuta abin da muke rubuta wa kowa: ba ta da mai yi mata sutura.

Ni da maƙwabciyarta Hajara muka yi mata wanka. Da na ɗaga matashin kanta zan gyara shimfiɗa, sai na ji shi shafal, kamar ba komai a ciki. An farke gefe ɗaya. Hajara ta ce, "Tun bayan zuwanki na ƙarshe take zaro audugar ciki. Na kayan ɗakinta ne, tun na aure. Da lalube take kaɗawa, in zaren ya tsinke sai ta kira ni in nemo mata bakinsa. Na ce Inna ki bari mana, ƙungiya za ta kawo. Ta ce Malama tana da ayyuka da yawa, kada a dame ta."

Ta janyo wata 'yar taskira daga ƙarƙashin gado. Mazari ne da ɗan alli, da curin zare wanda bai fi lemon tsami girma ba. Wani wuri kauri, wani wuri siriri. Iyakar abin da ta samu ke nan.

Na sha ganin gawa a wannan aiki, amma ban taɓa kuka irin na ranar ba. Ba ashar ta yi min ba, ba ƙarata ta kai ba, uzuri ma ta ba ni. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Hajara ce ta katse ni. Ta ce, "Malama, maza suna jira." Ta zura zaren Inna a allura ta miƙo min. Da shi muka ɗinka likkafanin. Ya ishe mu rigar da rabin zane, ragowar muka zaro daga jikin yadin kanti muka ƙarasa.

Ranar asusu an yi taro ya ƙayatar. Alhaji Sani ya ba da labarinta a lasifika, aka yi mata addu'a, mutane suka ba da abin da ba su taɓa bayarwa ba. An kira ni in ce wani abu, na roƙa a ɗauke min. Bandir ɗin da aka saya dominta aka mayar sito, ya suturta wasu bayin Allah, ina fatan ladan ya kai gare ta.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi unguwanninku. Mu masu aikin taimako muna da wata cuta: muna ganin mun fi mai buƙata sanin abin da yake buƙata, kuma muna son alherinmu ya yi girman da za a gani. Takarda tana da amfani, kwamiti yana da amfani, ban ce ku tsallake su ba. Amma akwai abin da ba ya jiran ƙarshen wata. In tsohuwa ta ce muku auduga, kada ku tsaya shirya mata wanda ya fi. Ku biya ta kasuwa a ranar, ku saya, ku kai mata tun tana gani.