Mai Auna Waƙa da Kofin Shayi

Ƙarfe bakwai na safe Usta Normurod, wato Gwani Normurod, yake ɗaga ƙyauren shagonsa a layin masu kaset na kasuwar Margilan, layin da shi kaɗai ya rage a ciki, don sauran duk sun koma sayar da rigunan waya. Ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya karɓi gurasa mai zafi a hannun maƙwabciyarsa Tursunoy, ya ɗora buta. Koren shayi ya nuna, ya juye shi sau uku kamar kowa. Daga nan sai ya yi abin da mai tarbiyya ba ya yi: ya cika kofi taf har baki. A garin nan cikakken kofi korar baƙo ne, sha ka tashi. Shi kuwa kansa yake cika wa, kuma aikinsa ke nan shekara talatin da shida.

Zai saka sabon faifai, ya harɗe ƙafa, ya yi shiru. Idan waƙa ta kama shi, ya manta da shayin. Idan ta sake shi, hannu ya tafi kofi da kansa. Faifai na ƙarewa sai ya jera yatsu a jikin kofin ya auna abin da ya rage, ya rubuta a ɗan kati da jimla ɗaya ko biyu, ya maƙala a kanta. Yatsa huɗu, shayi ya huce ba a taɓa ba. Kofi wayam, Allah ya ba da haƙuri. A ƙasan kowane kati kuma yana sa: "Kunnen Normurod ne, ba na kowa ba."

Na san awon nan a jikina. Shekara ashirin da shida da suka wuce na kawo masa nawa kaset, da hotona a jiki, na dafe kumatu ina hangen nesa. Kafin waƙa ta biyu ta ƙare ya shanye, ya ƙara wani. Katina ya fito: "Kofi wayam. Mawaƙin yana da ladabi." Tun daga nan nake koyar da labarin ƙasa a sakandare, inda masu sauraro ba su da ikon tashi.

Ba ni kaɗai ba ne. Tursunoy shaida ce ranar da wani babban mawaƙin bukukuwa, wanda ba zan kama sunansa ba don har yanzu ina son cin shinkafar biki, ya aiko da alkyabba mai aikin zinare tare da sabon faifansa. Usta ya sa alkyabbar, ya saurara, ya auna yatsa ɗaya, ya tuɓe ta ya ninke. Ya ce wa ɗan saƙon, "Ka ce masa na gwada, ba ta gyara sautin ba." Ita ce kuma ta ga ranar da wata tsohuwa daga ƙauye ta kawo kaset ɗin mijinta mai kaɗa dutar, garayar ƙasar nan, wanda aka ɗauka a tsakar gida har ana jin kukan zakara. Usta ya zauna bai motsa ba, har ƙuda ya faɗa shayin ya mutu bai sani ba. Katin ya ce: "Yatsa huɗu da ƙuda." Cikin wata guda babu gidan shayin da ba a jin tsohon nan. Har yau a Margilan idan abu ya kai maƙura, haka ake cewa.

Kai ne, Usta, wanda ba a saya da riga. Ba ka taɓa cewa ka fi kowa kunne ba. Naka ka ba mu, ba ka gauraya shi da na wani ba.

To bana abu ya fara damuna. Na shiga gaishe shi na tarar buta tana ta ihu a bayansa, shi kuwa yana goge kanta abinsa. Tursunoy ta ja ni gefe ta ce kunnen dama ya tafi, na hagu ma yana haɗa kaya, kuma ya ce ƙarshen bazara zai rufe shago. A daidai lokacin ne 'yata Mohira ta gama faifanta na farko, waƙa takwas, shekara uku tana fama da shi bayan ta taso daga aikin kantin magani. Ta ce Usta za ta kai wa. Ta kuma ce idan bai kai yatsa biyu ba, ta bar waƙa har abada.

"Wa ya koya miki wannan taurin kai?" na ce.

"Kai, Baba. Ba haka ka yi ba?"

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ba a faɗa ba shi ne yadda ake yi idan barewar ce mai rarrafen. Kwana goma ina juya maganar. Idan ya kayar da ita, yaya zan san waƙar ce ta gaza ba kunnen ba? Idan kuma ya ɗaga ta, yaya zan san ba tausayin tsufa ba ne, ko ramuwar abin da ya yi mini? Ga kuma wani abu da na ɓoye wa kowa: waƙa ta biyar karina ne. Na roƙi Mohira ta sa shi, ba suna, ba komai. Ta sa don ni ubanta ne, kuma don na yi kwana biyu ina tari mai ban tausayi.

Ranar Alhamis da hantsi muka je. Mohira ta gaishe shi hannu a ƙirji, ta kira shi Amaki, wato baffa.

"Amaki, na kawo."

"Me kika ce, 'yata?"

"Na ce na kawo!"

Ya karɓi wayarta, ya jona a tsohuwar lasifikarsa, ya cika kofi, ya juya mata kunnen hagu, ya ɗora tafin hannu a kan akwatin lasifikar.

Tursunoy ta leƙo da tiren gurasa, ta dube ni. "Ergash, ka zauna mana. Kana ta kai-komo kamar mai jiran naƙuda."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Shi ya sa ka sa hularka baibai."

Ban ji waƙa ko ɗaya ba, hannunsa na dama nake kallo. Ta farko ta wuce, hannu na kan gwiwa. Ta biyu, ta uku. A ta huɗu yatsunsa suka motsa, na zaci kofi za su ɗauka, ashe kiɗa yake bi. Tururin kofin ya yi ƙasa. Na fara tunanin ko dai ba ya jin komai ne, yana zaune ne kawai don ya rufa wa kansa asiri.

Sai ta biyar ta shigo. Ko baiti ɗaya ba a gama ba hannun ya tashi, ya ɗauki kofin, ya kurɓa, ya kurɓa, ya ajiye. Daga ta shida har ƙarshe bai sake taɓa shi ba.

Ya jera yatsu. "Uku." Ya dubi Mohira. "Ɗayan da ya tafi, a ta biyar ya tafi. Wa ya ba ki wannan karin?"

Mohira ta sunkuyar da kai. Ni kuma na shiga nazarin rufin shagon.

"Ergash, ƙanena," ya ce, "shekara ashirin da shida ba ka binne waƙar nan ba? Ita ce ta uku a bayan kaset ɗinka."

Tursunoy ta yi dariya har gurasa biyu suka faɗi. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin cin mutunci kamar na ranar ba. Kunnen yana nan.

Amma shi bai yarda ya tsaya nan ba. Ya ce, "'Yata, inda muryarki ke hawa can sama, ba na jin sa duka. Abin da ban ji ba ban auna ba." Haka ya rubuta a katin, baƙi da fari: "Yatsa uku, da rabin kunnen Normurod." Ya shanye sanyayyen shayin, ya kife kofin a kan tire. Ya ce, "Na gama. Mai awo da rabin mudu ɓarawo ne, ko da ya faɗa."

Kofin na nan a kife. Ƙarshen watan nan za a sauke ƙyauren, kuma ina tsoron abin da zai biyo baya. Yanzu kowa na yabon kowa a waya kafin ya saurara, ƙanwar uwa ta ba da tauraro biyar, maƙiyi ya ba da ɗaya, babu wanda shayinsa ya huce ko ya ƙare.

Mun gode, Usta. Ka gaya mana abin da ka ji, ka kuma gaya mana inda jinka ya tsaya. Allah ya ƙara lafiya, ya bar maka na hagun. Ku kuma da za a miƙo wa waƙa ko wani aikin hannu a ce me kuka gani, ku zauna ku saurara har ƙarshe, ku faɗi naku, ku sa sunanku a ƙasa. Zai yi zafi, amma ba ya kisa. Ga ni nan da raina.

Mohira ta cire ta biyar. Jiya da la'asar na saka faifan a gida, na cika kofi taf. Da ya ƙare na duba, har yanzu yana cike.