Mai Cuku da Daddawar Yaya

A Springfield, inda nake zaune, cefane aikin ranar Asabar ne. Sai in ɗauki mota, in loda kayan mako guda, in dawo gida ban yi magana da kowa ba. Shi ya sa da na je hutu wurin yayata, a wani ɗan gari a kudancin Faransa inda take aure da wani mutumin Nijar, na tsaya ina kallon firjinta. Kusan wayam yake.

Na ce, "Yaya, me za mu ci gobe?"

Ta ce, "Gobe ai akwai kasuwa."

Kullum da safe mukan taka zuwa gidan burodin da ke bakin layi. Burodinsu dogo ne kamar karan rake, ga ɓawo. Matar da ke sayarwa ta san Yaya, takan ware mata mai ɗan laushi saboda haƙoran mijin Yaya. Sai sun gaisa, an tambayi gwiwa, an tambayi yara, sannan a zo kan burodi. Tun a hanya Yaya take gutsurar kansa da zafinsa ta miƙo mini.

Kasuwar kuwa ran Laraba take ci, a filin tsakiyar gari. Can muka tsaya wurin wani dattijo mai sayar da cuku. Ya yanko guntu ya miƙo mini a bakin wuƙa. Na kai hanci, na ja da baya.

"Yaya, wannan ai daddawa ce!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Dattijon ya tambaye ta abin da na ce, ta fassara masa. Sai ya dafa ƙirji, ya ce kaf duniya babu abin da ya kai cukunsa ƙarfin wari. Ashe a wurinsa abin alfahari ne.

Da kasuwa ta zagayo, Yaya ta ƙulla daddawa a leda, daga cikin wadda na kawo mata tsaraba, ta kai wa dattijon. Ya sansana, ya rufe ido. Can sai ya ƙwala wa matarsa kira, ya kira mai kifi, kowa ya zo ya kai hanci. Ya ce lallai sai ya ga yadda ake cin wannan abu.

Ran Lahadi suka zo shi da matarsa, da cuku a hannu. Yaya ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Da cokali ya fara, da ya ga yadda muke yi sai ya naɗe hannun riga. Ya nemi ƙari.

Ni ma ban tsira ba, sai da suka sa na ci nasu. Lomar farko da ƙyar ta wuce. Matarsa ta shafa mini ta biyu a kan burodi, ta tsaya tana kallona har na haɗiye. Gaskiya, wannan ta yi daɗi.