Shekarar da Muka Ba da Golanmu

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun shuɗe mini, sai wani ya tuna mini sannan in ce haka aka yi. Amma shekarar da 'yan ƙwallon Bungudu suka yi musanyar mai tsaron gidansu, wannan kam duk inda tsufa ya kai ni ba zan manta da ita ba.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina sakandare a Gusau, na dawo gida dogon hutu. Ni ba ɗan wasa ba ne. In an fita fili da la'asar, gindin wata tsamiya nake zama da littafina, in yi karatu in ɗago in yi kallo. Yayana shi ne kyaftin. Akwai wani kofi da samarin garuruwan kewaye suke fafatawa a kai duk hutu, a buga wasan ƙarshe a Gusau, mu kuwa ba mu taɓa ko shafa shi ba. Matsalarmu ɗaya ce: ba a cinmu, mu ma ba mu ci. Dalilin da ba a cinmu kuwa shi ne golanmu, ɗan wani malamin asibiti Kirista, mutumin kudancin Zariya. A garinmu ya tashi, har harshensa ya fi nawa Zamfaranci.

Sai aka yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki zuwa Tsafe. Ƙa'idar kofin ita ce ɗan wasa ba ya sauya gari sai ƙungiyarsa ta sake shi. Mutanen Tsafe suka zo da tayi: a ba su golan, su ba mu wasu tagwaye 'yan gaba masu gudu kamar barewa, waɗanda kakanninsu ke Rawayya kusa da mu, can za su yi hutu. Yayana ya amince. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce yanzu ne za mu fara cin ƙwallo. Mai shayin bakin tasha kuwa da ya hango yayana sai ya ce, "Sannu kyaftin! Kun cire ƙyauren ɗaki kun sayo fitila biyu. To ku kwana cikin haske, ɓarawo na shiga yana fita."

Abin da ban sani ba shi ne, kafin golan ya hau mota ya ce wa yayana a sa ni a raga. Wai ina da tsawo, kuma ya lura idona ba ya barin fili ko da littafi na hannuna. Na so in ƙi, amma ba a yi wa yaya musu.

Wasanmu na farko da Magami ne. Tagwayen suka yi ta zura ƙwallo, ni kuma ina ta ɗauko ta daga raga. Da ƙyar muka tsira da ci ɗaya a sama. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk ƙwallon da aka ci ni na gan ta tun daga nesa. Ina kallon ɗan Magami yana sulalewa ta bayan yayana, amma bakina ya ƙi buɗuwa. 'Yan bayanmu duk sun girme ni, ɗaya ma autan su babana ne, Kawu nake ce masa. A gidanmu ba a ɗaga wa babba murya, ko ido ba a haɗawa da shi. Sai in fara a hankali, "Yaya, don Allah in ba damuwa, akwai wani nan..." Kafin in ƙarasa an ci. Kowa ya gane in muka haɗu da manyan ƙungiyoyi a haka, kofi ya tafi, kuma sunana za a kira.

Labari ya kai Tsafe ta bakin yaran mota. Ran nan muna atisaye sai ga tsohon golanmu da ƙafa daga tasha, ya hau mota zuwa Gusau, ya sake hawa wata zuwa Bungudu. Ya tsaya ya kalle ni na ɗan lokaci, sannan ya tafa hannu ya tara kowa.

"Hannun wanga yaro lafiya lau yake," in ji shi. "Bakinsa ne a ɗaure, kuma ku kuka ɗaure shi. Ni da nake muku tsawa kuna haƙuri, kuna cewa ɗan malamin asibiti ne, ba a koya masa kunya ba. Ko kun ɗauka ban ji ba?"

Kawu ya fashe da dariya. "Wallahi mun faɗa!"

"To shi an koya masa. Sai kun ba shi izini da bakinku, a gaban kowa."

Yayana ya dube ni. "Daga busa usur zuwa busa usur, kai ne babba. Ka ji? In an tashi ka koma ƙanena, ka ɗebo mini ruwan wanka."

Kawu ya ce shi ma ya yafe, in dai ban haɗa da zagi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka faɗa, ni kuwa kaina a ƙasa. Daga nan golan ya ja ni bakin gulbi, ya tsaya can nesa, ya ce in kira shi. Na kira, ya ce sauro ya ji. Na sake, na sake, mata masu wanki suna ta ƙyalƙyala dariya, har muryata ta dushe. Da za mu rabu na tambaye shi, in muka haɗu da Tsafe a ƙarshe fa? Ya ce, "Sai ku ci ni in kun iya. Mi zan yi da kofin da na ɗauka a ragar da ba kowa?"

Haka kuwa aka yi, da Tsafe muka haɗu a Gusau. Ranar ya nuna mana abin da muka bayar. Tagwayen suka yi ta ruwan ƙwallo yana kaɗewa, sai guda ɗaya da ta kuɓuce masa kafin hutun rabin lokaci. Bayan an dawo Tsafe ta taso mana gaba ɗaya. Ana dab da tashi suka sami bugun kwana. Ƙwallo ta taso sama, na ga Kawu yana ja da baya zai sa mata kai, na kuma ga inda za ta faɗa in ya taɓa ta: daidai ƙafar ɗan gabansu, wanda yayana ya saki yana kallon sama. Ban san lokacin da murya ta fito ba.

"Kawu, kauce! Tawa ce! Yaya, kallo ka zo yi? Riƙe mutuminka!"

Kawu ya duƙe kamar an jefe shi da dutse, yayana ya zabura, ni kuma na cafke ƙwallo na rungume ta a ƙirji har ƙasa. Ba a jima ba aka busa tashi.

Ana ta ihu ana ɗaga kofi, sai ga golan ya ratso fili, mutanen Tsafe na gunaguni a bayansa. Ya kama kafaɗata ya ce, "Na jiwo ka tun daga waccan ragar." Daga baya na ji an daɗe ana goranta masa a Tsafe, wai ya tafi ya wasa wuƙar da aka yanka su da ita, bai kuma taɓa faɗa mini ba.

Har yau in tsofaffin garinmu suka tuna musanyar nan, tagwayen suke yaba wa. Ni na san wanda ya ci mana kofi, kuma yana cikin waɗanda suka sha kashi. Na yi shekaru ina koyarwa a aji da muryar da ya ciro mini a bakin gulbi, ban kuma daina yi masa fatan alheri ba. A wurinsa na koyi cewa in ka hango abin da zai cuci na gaba da kai ka yi shiru, ba ladabi ka yi masa ba, barinsa ka yi ya faɗi.